Tambaya da Amsa: Wa Ke Cin Kuɗin Zane?

Tambaya: Na ji an sayar da ayaba ɗaya da aka manna a bango kan dala miliyan 6.2. Ni ɗalibin zane ne, da ƙyar nake samun mai taya aikina. Yaya ake yanka wa zane farashi, kuma nawa ke shiga hannun mai zanen? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne. Aikin Maurizio Cattelan ne, ɗan Italiya, an yi gwanjonsa a gidan Sotheby's na New York a Nuwamba 2024. A 2019 dala 120,000 aka saye shi a Miami. Abin da mai saye ke karɓa takardar shaida ce da ƙa'idar mannawa, ayabar in ta ruɓe a sauya wata. Sunan mai zane da takardar shaida ne ke ɗaga farashi a wannan kasuwa.

Ciniki kuma iri biyu ne. Na farko, aiki ya fito daga hannun mai zane, gidan baje koli ya sayar, galibi su raba rabi da rabi. Na biyu shi ne gwanjo, inda kuɗin ke zuwa ga wanda ya riga ya mallaki zanen, gidan gwanjo kuma ya ɗora wa mai saye la'adar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani zanen Amoako Boafo na Ghana da aka saya dala 22,500 ya kai fam 675,000 a Landan a Fabrairu 2020, ribar kuwa ta tafi ga wanda ya kai shi gwanjon. Wannan tashin gwauron zabi yana da haɗari ga matashi. Masu saye don juyawa sukan cika kasuwa da aikinsa, da zarar ɗaya ya yi kwantai a gwanjo kowa ya gani, sai masu saye su ja baya.

Kai kuma ka fara da awo. Haɗa tsawo da faɗi a santimita, ka ninka da wani adadi tsayayye, misali 60 da 90 sun zama 150, sau naira 1,000. Ka riƙe farashi ɗaya a gida da wajen dillali, domin ranar da dillali ya ji ka karya masa farashi a bayan fage, ya daina ɗaukar kayanka. Kada ka ƙara sai yawancin ayyukan sun tafi, tunda rage farashi daga baya yana cutar waɗanda suka riga suka saya.

Kafin ka damƙa aiki, a rubuta kason kowa, ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in ya lalace. Sa hannu da shekara a bayan kowane zane, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta wanda ya saya. Kuma ka shafe ƙyallen zane da farin fentin share fage kafin fentin mai, in ba haka ba man yana cin zaren, bayan wasu shekaru ƙyallen ya yi rauni ya yage.