Moton injin niƙa: sinkronos ko indakshan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa a Kura, moton ya ƙone. Wani ya ce in sayi sinkronos, wai bai cika cin wuta ba. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, amma rigar ta fi ƙarfin wuyanka.

Wutar da ake ba mu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Idan ta shiga naɗin wayar da ke jikin moto, sai ta haifar da maganaɗisu mai zagayawa. A sinkronos, sandar tsakiya tana da nata maganaɗisun, sai ta kama wancan su riƙa juyi tare, ba mai wuce wani. Mai kawunan maganaɗisu huɗu zai yi juyi 1,500 a minti, mai biyu 3,000, ko da kaya ko babu. Idan kayan suka fi ƙarfinsa, ba ya rage gudu, sakin layi yake yi ya tsaya. Shi kuwa indakshan, wanda sandarsa ba ta da nata maganaɗisun sai wanda mai zagayawar ya haifar mata, kullum yana ɗan bin baya, shi ya sa za ka ga an rubuta 1,440 ko makamancin haka a jikinsa.

Matsalar sinkronos ita ce ba ya tashi da kansa, sai an haɗa masa abin tayarwa, kuma nan kuɗin suke. Gidansa manyan masana'antu ne: injinan niƙa siminti, manyan famfunan ruwa, injinan matsa iska, inda moto ke kwana yana aiki. Janaretocin Kainji da Shiroro ma danginsa ne, sai dai su ruwa ke juya su su ba da wuta. Ƙananansa kuma suna cikin motocin lantarki da firji mai inbata, amma can akwai na'urar da ke sarrafa su.

Masara da dawa ba ruwansu da juyi 60 da ka rasa. Sayi indakshan daidai ƙarfin tsohon, wanda duk mai naɗin koyil a Kano ya san cikinsa. Da kuɗin da ya rage ka sa masa na'urar da ke kashe shi idan ɗaya cikin layukan wuta uku da ke shiga moton ya ɗauke, don sau da yawa abin da ke ƙona moto ke nan. Ka sa a duba ko shi ya cinye naka.