Tambaya da Amsa: Hitar ɗaki da tukunyar gas

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo wa Inna hitar ɗumama ɗaki ta hannu, saboda sanyin hunturu yana tayar mata da ciwon gwiwa. Mai shagon ya ce da gas ɗin furofan take aiki. Zan iya jona ta da tukunyar da muke girki da ita? Daga wani mai karatu a Ngaundare.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, kai kuma ya yi maka albarka.

Tukunyar kilo 12.5 da muke saye a nan Kamaru, yawanci butan ne a cikinta. Da shi da furofan 'yan gida ɗaya ne, sai dai furofan ya fi ƙarfin matsi, kuma ko ana ƙanƙara yana tashi, shi ya sa Turawa ke son sa. Butan kuwa sai sanyi ya sauko wajen digiri 0 yake kasala, abin da ɗakin Inna ba zai gani ba. Don haka juya bayan hitar ka duba ɗan allon da ke manne. In an rubuta 28 da 37, tana cin duka biyun: kan tukunya, wato abin da ke daidaita matsin gas, mai miliba 28 (ma'aunin matsi ke nan) na butan ne, mai 37 na furofan. In lamba ɗaya ka gani, kai wa mai gyara wanda ya san aikin kafin ka kunna. Kada ka yarda wani ya ce bari ya ɗaure bakin tiyo da robar tayar babur. Na ga an yi haka a wani gida, robar ta sha zafi ta saki.

Tiyon ma yana tsufa, akan buga shekarar ƙarewarsa a jikinsa. Bayan ka jona, kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa. In ka ga kumfa na hurowa, rufe gas ɗin. Ashana ba abin gwaji ba ce.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ɗakin. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, daidai inda tsofaffinmu ke shimfiɗa tabarma. Sannan wuta a rufaffen ɗaki tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi. Ka bar taga a ɗan buɗe, ka ɗumama ɗakin bayan isha'i, ka kashe kafin ta kwanta. Fara rufe kan tukunya, sannan hitar. Dare kuma na bargo ne.

Tambaya: An yi mini tayin tukunya da araha, amma gindinta ya yi tsatsa. In saya? Daga wata Hajiya a Garwa.

Amsa: Hajiya, ki bar masa abarsa. Ki je wurin dillalin kamfani ki karɓi mai hatimi a baki. Ki ajiye ta a tsaye a inuwa, musamman Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40, don gas yana kumbura da zafi, shi ya sa ba a cika tukunya fal. In yaro zai ɗauko ta a babur, ya ɗaure ta a tsaye, kada ya kwantar da ita.