Wai bakteriya na cinye kiromiyom?

Tambaya: Malam, na sayi fili a Sharaɗa ta Kano, daura da wani tsohon kamfanin fata. Ƙasar wani ɓangaren kore-kore take, abin ya hana ni barci. Wani ya kawo mini jarka, wai bakteriya ce mai cinye kiromiyom, in yayyafa, bayan mako biyu in haƙa rijiya in shuka alayyahu. In saya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka, kada ka haƙa rijiyar nan tukuna.

Kalmar "cinyewa" ɗin nan kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Kiromiyom ƙarfe ne, ba man fetur ba ne da bakteriya za ta narkar ya ɓace. Abin da bakteriya irin su Bacillus da Pseudomonas ke yi shi ne sauya nau'in kiromiyom da ake kira mai lamba 6, wanda ke bin ruwa kuma yake jawo sankara, ya koma mai lamba 3, wanda ke daskarewa ya kwanta a ƙasa. Ɗaure shi aka yi, yana nan daram a filinka. Kuma ɗaurin na kwancewa. In ƙasar na da manganis, wani ƙarfen daban, tana iya mayar da shi mai lamba 6. Haka in aka cinna wa tarkacen fata wuta, kamar yadda ake yi wa bola. Mai jarka ya gaya maka wannan? Ina! Ya auna tsamin ƙasarka? Ya ce me bakteriyar za su ci? Su ma sai an ba su abinci, irin ragowar ruwan rake, ana bibiya wata da watanni, in gubar ta yi yawa ma mutuwa suke yi. Shi dai ya karɓi kuɗi ya yi gaba.

Kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai da mai lamba 3 suke jima, ba da bagaruwa ba irin ta majemanmu na gargajiya. Koren da ka gani wataƙila shi ne, amma ido ba ya awo.

Ɗebi ƙasa daga sama da kuma zurfi, ka kai ɗakin gwaje-gwaje, ka ce a auna mai lamba 6 daban, don sau da yawa jimilla kawai ake bayarwa. Ruwan sha kuwa, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada kiromiyom ya wuce miligiram 0.05 a lita, kuma tafasawa ba ta rage komai. In sakamakon ya yi muni, kai wa NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, a rubuce ka riƙe kwafi, don sai ka yi ta sintiri kafin a leƙo filin.