Ku Tambaya Mu Amsa: Banki Ya Rage Wa Ƙanena Iyakar Katin Bashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, ina sayar da wayoyin hannu da kayan gyaransu. Ƙanena yana zaune a birnin Greensboro na Amurka, shi ne ke saya mini kaya da katin bashi na banki, idan na sayar in aika masa da kuɗi ya biya. A watan jiya ya ce bankin ya rage masa iyakar katin daga dalar Amurka 6,000 zuwa 3,000, alhali ana bin sa 3,300, saboda haka ba zai iya saya mini komai ba yanzu, kuma yana fargabar a ci shi tara don ya wuce iyaka. Shin banki yana da ikon yin haka ga wanda bai taɓa saɓa ranar biya ba? Ko dai yaron nema yake ya zille mini? Daga wani mai karatu a Sabon Gari, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi saurin zargin ƙanenka, domin abin da ya gaya maka yana faruwa ga masu kati da yawa a can, har da waɗanda ba su taɓa jinkirta biya ba. Iyakar katin bashi ba kuɗin mai katin ba ce, adadi ne da banki ya yarda ya ranta, kuma yarjejeniyar da aka amince da ita tun farko ta ba bankin damar rage shi duk lokacin da ya ga dama. Kai ma da ke da littafin bashi a shago ka san yadda abin yake: abokin cinikin da ka saba ba shi kayan jaka ɗari, ranar da ka ga kasuwa ta yi sanyi ko ka ji ana bin sa a wasu rumfuna, kana iya tsayar da shi a jaka hamsin ba tare da ya yi maka laifin komai ba. Bankunan Amurka sun yi irin wannan ragi ga jama'a masu ɗimbin yawa a lokacin rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, suka sake yi a 2020 da annobar korona ta shigo. A lokacin da babu rikici kuwa, abin da ya fi jawo shi shi ne bashi ya taru wa mutum a wasu katuna, ko ya daɗe yana biyan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa a wata, ko kuma ya ajiye katin bai taɓa shi ba.

Batun tara shi ne inda doka ta tsaya masa. A watan Mayun 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar katunan bashi, wadda sashenta da ya shafi wuce iyaka ya fara aiki a watan Fabrairun 2010. Tun daga lokacin, banki ba ya da ikon cin tarar wuce iyaka sai idan mai katin da kansa ya amince tun farko cewa a riƙa bari cinikinsa ya wuce ko da ya haura iyakar. Wanda bai ba da wannan amincewa ba, bankin yana iya ƙin cinikin ko ya bar shi ya wuce, amma ba zai ɗora masa tara ba, kuma wanda ya ba da ita yana da damar janye ta ko yaushe. Ko ga wanda ya amince, ba a cin tarar fiye da sau ɗaya a zagayen lissafi na wata, ba za ta fi adadin da aka haura da shi ba, kuma ba a cin ta idan kuɗin ruwa ko wasu caje-cajen bankin ne kaɗai suka tura bashin sama da iyakar. Waɗannan sharuɗɗa sun rage wa tarar amfani a wurin bankuna har yawancin manyansu suka daina karɓarta baki ɗaya.

Akwai kuma ƙa'idar da ta dace da halin ƙanenka kai tsaye. Idan banki ya rage iyaka, ba zai ci tara ko ya ɗaga kuɗin ruwa don hukunci ba saboda kawai bashin ya haura sabuwar iyakar, sai ya ba da sanarwa kwana 45 kafin hakan. Ke nan dala 300 da ƙanenka ya haura da ita ba za ta jawo masa tara nan take ba. Sai dai ina so ka tambaye shi abu guda wanda ya fi komai muhimmanci a nan: katin na kansa ne, ko an buɗe shi ne da sunan sana'a? Mafi yawan wannan kariya an yi ta ne don katunan ɗaiɗaikun mutane, ba ta shafi katunan kasuwanci ba, kuma tunda kayan sayarwa yake saya da shi, tambayar ba ta banza ba ce.

A ganina, tarar ita ce mafi ƙanƙantar damuwarsa. Abin da ya fi yi masa lahani shi ne makin amana da ake auna kowane mai cin bashi da shi a Amurka, wanda a ma'aunin FICO yake tashi daga 300 zuwa 850, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na makin ya rataya ne a kan yawan bashin da ke wuyan mutum, musamman idan aka gwada shi da iyakar da aka ba shi. Kafin ragin, 3,300 cikin 6,000 kashi 55 ne cikin 100. Bayan ragin, ba tare da ya ƙara cin bashin ko sisi ba, lissafin ya koma kashi 110. Kamfanonin da ke tattara bayanan bashi, wato Equifax da Experian da TransUnion, za su rubuta shi haka, sauran bankunan da yake hulɗa da su za su gani, wani ma ya bi sahu ya rage nasa. A ƙasar da ake duba wannan maki kafin a ba mutum hayar gida ko bashin mota, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Bugu da ƙari, bankuna da yawa sukan ɗora adadin da aka haura da shi a kan mafi ƙarancin biyan wata, don haka ya duba takardar lissafinsa ta wannan wata da kyau, kada ya biya abin da ya saba ya tarar an rubuta shi cikin masu jinkiri.

Abin yi a fili yake, kuma rabinsa a hannunka yake, Alhaji. Idan akwai kuɗin kayan da ka riga ka sayar, ka aika masa da su yanzu ya sauke bashin ƙasa da 3,000, kuma gwargwadon yadda ya yi nisa da iyakar, gwargwadon yadda makin zai farfaɗo. Shi kuma ya kira lambar da ke bayan katin ya nemi dalilin ragin, domin a galibin lokuta doka ta wajabta wa banki ya faɗi dalili ko ya sanar da shi cewa yana da haƙƙin tambaya. Ya karɓi rahoton bashinsa, wanda ake bayarwa kyauta, ya duba ko an rubuta masa bashin da ba nasa ba. Kuma kada fushi ya sa ya rufe katin, saboda rufewar ba ta shafe bashin, sai dai ta ƙara ɓata lissafin. Idan ya ga an ci shi tarar da ta saɓa ƙa'ida, hukumar CFPB ta gwamnatin Amurka, mai kare masu hulɗa da bankuna, da aka kafa bisa wata doka ta 2010, tana karɓar koke a kan bankuna. Hukuncin kuɗin ruwa a addini kuwa fagen malamai ne, amma ta fuskar ciniki ina ba ka shawara ku sauya tsari: ka riƙa tura kuɗin kaya tukuna, ko da rabi ne, maimakon jarin shagonka ya dogara da rancen da wani zai iya ragewa cikin dare ɗaya, kuma sunan ƙanenka ne ke ɓaci idan ciniki ya yi nawa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, albashina ta banki yake shigowa, kuma ina da katin cire kuɗi. Shin irin wannan zai iya samuna? Daga wata mai karatu a Unguwar Birni.

Amsa: Malama, yawancin katunan da ke hannun jama'a a nan, na GIM-UEMOA ne, wato tsarin katin bankunan yankin UEMOA na ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin Sefa, ko na Visa, kuɗin da ke cikin asusunki suke ci, kuma iyakar da aka sa musu ta cirewa a rana ko a mako don tsaro ce, ba rance ba ce. Inda lamarinki zai yi kama da na sama shi ne idan bankin ya ba ki izinin cin gaban albashi, wato ki ciri fiye da abin da ke asusun kafin ƙarshen wata. Wannan bashi ne mai iyaka kuma mai kuɗin ruwa, banki yana iya rage shi ko ya soke shi bisa sharuɗɗan da kika sa wa hannu, kuma abin da ya haura iyakar yakan fi tsada. Dokar Amurka ba ta aiki a nan. Abin da ke kare ki shi ne takardar yarjejeniyarki da ƙa'idojin yankin UEMOA, inda a 2014 aka fara aiki da ƙa'idar cewa kuɗin ruwa ba zai wuce kashi 15 cikin 100 a shekara ba ga bankuna, ko kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance, kuma ana lissafa shi ne haɗe da cajin da ke tafe da bashin. Ki je reshenku ki nemi a rubuta miki iyakar da aka ba ki, da ranar da izinin zai ƙare, da abin da ake cirewa idan an haura, sannan kada ki rubuta ceki a kan kuɗin da ba ki tabbatar suna nan ba, domin cekin da ya dawo babu kuɗi ana kai rahotonsa ga babban bankin BCEAO, kuma yana iya kai ga a hana ki amfani da ceki.