Aksul ɗin a-kori-kura a ƙarƙashin motar da ba ta da nauyi

Jiya bayan La'asar ka tsare ni da tambaya ina ƙarƙashin mota, ban tanka maka ba. Ka ce kai da abokinka kun gama waldar shasin motar nan da kuke haɗawa a gida, kun samo aksul ɗin baya, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, na tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da dorom ɗin birkinsa, kana so in nuna maka yadda ake ɗaura shu, abin da ke matse dorom daga ciki in an taka birki, da sifirin. Ba sharewa na yi ba, yaro. Da na ji ka ce aksul ɗin a-kori-kura, wani tsohon miki ka fama mini, har na kwana da shi.

Ɗaga mota a jak, kwance taya, zare dorom, waɗannan ba zan ɓata bakina a kansu ba. Shekara uku kana miƙo mini sifana. Sifirin kuwa, ka kwance gefe ɗaya ka bar ɗayan a haɗe ya zama madubinka. Wayar nan da kuke yini kuna latsawa, ku ɗauki hoto da ita kafin ku taɓa komai, ta yi muku amfani ko sau ɗaya. Mu da alli muke sa alama, hagu daban dama daban, don farantin baya da abin saiti na hagu ba sa zama a dama.

Abin da ya kamata ka tambaya ba ka tambaya ba. Wannan aksul an yi shi ne don motar da za a lafta wa buhunan masara. Taku kuwa bututun ƙarfe ne da falle, bayanta sakayau. Duk sanda ka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, baya ya ƙara sauƙi. In birkin baya ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa, tayoyin baya su ne za su fara ƙamewa, kuma motar da bayanta ya ƙame ba ta jin sitiyari, juyawa take yi ta kalli inda ta fito. Shi ya sa masu ƙera ta suka sa wani bawul kusa da aksul, mai rage ƙarfin man birki da ke zuwa baya idan babu kaya. Yaran yanzu da sun ga ya cije sai su cire shi su haɗa layi kai tsaye, su ce ai birki ya fi kamawa.

Ni ma na taɓa bari aka tafi babu shi, kuma na biya.

Wani Alhaji ne ya kawo mini wata tsohuwar mota da aka yanke wa bodi, yana son buɗaɗɗiya ta shiga gonarsa can wajen Toro. Aksul da kansa ya sayo, irin naku. Na buɗe na ga bawul ya mutu, dorom kuma an sha kai shi wajen mai injin gogewa har faɗin cikinsa ya wuce lambar iyaka da aka buga a jikinsa. Na ce Alhaji, a sayi dorom biyu da bawul. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a lokacin kayanta ba wuyar samu suke yi ba. Ya ce, Malam kai dai ɗaura, motar gona ce, ba Legas za ni da ita ba. Na sake faɗa, ya sake musawa, har ya fara yi mini kallon mai neman cin kuɗinsa. Na ɗaura da niyyar in gwada ta a gabansa ya gani da idonsa. Laifina kenan, kuma daga ni sai shi aka yi maganar, ba shaida.

Ranar Juma'a ina masallaci ya zo ya daka wa ƙaramin yarona tsawa ya karɓi makulli. Ko sau ɗaya ban taka birkin motar nan a hanya ba. Da yamma aka yi yayyafi, ɗansa na tuƙi a gangaren Panshanu, ya taka birki, baya ya ƙame, mota ta juya ta maku da dutse. Allah Ya tsare rai, amma yaron ya karye a hannu.

Washegari da 'yan sanda aka zo gareji. Mutumin nan, da furfurarsa, ya rantse cewa ya ba ni kuɗin sabon dorom na soke a aljihu na mayar masa da tsoho. Yaron da ya ba da makulli tsoro ya hana shi buɗe baki. Dattawan sana'armu suka shiga tsakani aka yi sulhu, sulhun da ya ƙare a kaina: gyaran mota nawa, rabin kuɗin asibiti nawa. Na sayar da injin waldata da raguna biyu da na yi wata shida ina kiwo don Layya. Cikon kuɗin aikina har yau bai ba ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunana. Ni da na koyi aiki hannun mutumin da ya yi aiki a kamfanin Steyr na nan Bauchi, wanda in ya ga gurbin yatsa mai maiƙo a kan shu sai ka sake wankewa, aka wayi gari direbobi a tasha suna cewa kada a kai mini birki. Sai da na fi shekara kafin wasu suka dawo. Har yanzu in na ga Alhajin nan a sahun gaba, zuciyata ba ta daɗi.

Don haka ka saurara. Ku nemi bawul mai aiki ku sa, wanda ake iya saitawa ya fi dacewa da mota irin taku. Ku auna cikin dorom, in ya wuce lambar da ke jikinsa ku jefar, don siririn dorom yana zafi ya buɗe baki, feda ta tafi ƙasa. Silindar taya, nonon fitar da iska a sama yake zama, in ya kalli ƙasa za ku kwana kuna famfo iska ba ta fita ba. Ku fara fitar da iskar daga tayar da ta fi nisa da masta, silindar da feda ke turawa. Ku saita shu tukuna har ku ji yana ɗan shafar dorom, sannan ku ja kebur ɗin hambirki. Wanda ya fara da kebur ya ɓata saitin duka.

Kuma na ga wani jan bututu a buhunka, irin na masu gyaran firij. Kada in gan shi a jikin motar nan. Layin birki na ƙarfe ne. Mai kuma DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar gwangwani, ba ragowar da ta sha iska a kan benci ba, don man birki yana jan ruwa. Bakin mai ko fetur in ya taɓa robar silinda kumbura take yi. Ƙurar cikin dorom kada ka hura da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, ƙirjinka ne.

In kun gama, ba titi za ku hau ba, kuma ba za ku kwashi abokai ana ɗaukar bidiyo ba. Fili za mu samu mai tsakuwa, ni zan tuƙa, kai ka tsaya gefe ka duba wace taya ce ta fara jan ƙasa. In ta baya ce, mota ta koma kan jak. Makullin kuma a aljihuna zai zauna har ranar, ko mahaifin abokin naka ne ya zo da kansa.

Gobe da safe ka zo mini da dorom ɗin duka biyu, a wanke, in auna da hannuna.