Me ya sa waƙa ke ƙara hawa a ƙarshe?

Tambaya: Salam Malam, ina koyon jita a nan Tahoua. Sau da yawa in ina bin wata waƙa, dab da ƙarshe sai komai ya ɗaga sama, yatsuna su ɓace. Mene ne wannan?

Amsa: Ƙanena, ba laifin yatsunka ba ne, gindin sautin waƙar aka matsar. Amshi ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne, amma an ɗaga shi da rabin taki ko taki guda, kamar daga do zuwa re a jerin sautukan kiɗa (do, re, mi, fa, sol, la, si), don kunne ya farka bayan ya saba. Ka saurari I Will Always Love You ta Whitney Houston, 1992, ana yin tsit, ganga ta buga sau ɗaya, sai ta tashi daga la ta koma si, wallahi tsikar jiki sai ta tashi. Waƙoƙin coci ma suna yawan yin haka.

Jitar Buzayen Agadas kuwa galibi zama take kan gindi ɗaya, da saurin kiɗa da tafi ake ƙara zafi, kuma ni ta fi ratsa ni. In ka ji hawan, ja hannunka gaba gida ɗaya ko biyu a wuyan jitar, yatsu yadda suke, in dai duk tsirkiyar da kake kaɗawa a danne take.