Shawarar Lauya: Ƙasa huɗu a tafiya ɗaya, biza nawa nake buƙata?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ban taɓa fita ƙasar waje ni kaɗai ba. Na tara ɗan abin da na tara, ina so in yi hutun mako uku: kwana huɗu a Faransa, takwas a Italiya, in tsallaka Ingila in yi biyar wajen ƙawata, in dawo Jamus in yi uku, sannan in hau jirgin gida da zai yada zango a Istanbul. Fasfona na cikin waɗanda ake nema wa biza a duk ƙasashen nan. Wani ejan ya ce bizar Faransa kaɗai ta wadatar, kuma zai haɗa mini takardun otal ba sai na kama ɗaki da gaske ba. Haka ne? Akwai kuma maganin ciwon baya da nake sha kullum.

Amsa: 'Yar'uwa, gwamma da kika tambaya tun kafin ki sayi tikiti, domin maganar ejan ɗin nan ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Faransa da Italiya da Jamus suna cikin yankin Shengen, wanda ya samo sunansa daga ƙauyen Luksambog inda aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1985. Yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, kuma biza ɗaya tana shigar da mutum dukkansu na tsawon da bai wuce kwana 90 ba a cikin kowane kwana 180. Ingila ba ta taɓa shiga wannan tsari ba, ko a lokacin da take cikin Tarayyar Turai. Tana da tata bizar, da nata ofishin, da nata sharuɗɗan. Ke nan biza biyu kike buƙata, ba ɗaya ba.

Bizar Shengen ɗin ma ba Faransa ce za ta ba ki ba. Dokarsu ta ce a nema daga ƙasar da ita ce ainihin wurin zuwa, wato inda za a fi daɗewa in manufar tafiyar iri ɗaya ce. Ƙasar da aka fara sauka tana shigowa lissafi ne kawai idan kwanakin sun yi kunnen doki. Ke kwana takwas za ki yi a Italiya, don haka ofishin jakadancin Italiya ne naki, ko da jirginki Paris zai fara sauka. Mutane da yawa suna bin ƙasar da aka ce ta fi saurin bayarwa, su rubuta tsarin tafiyar da ba shi ne a ransu ba. Wannan yana iya jawo a soke bizar a bakin iyaka.

Abin da ya fi damuna a tsarinki shi ne komawa Jamus bayan Ingila. Idan aka manna miki biza, ki duba wurin da aka rubuta adadin shiga: za ki ga 1, ko 2, ko MULT, wato sau da yawa. In 1 ce, ranar da kika bar Italiya zuwa Landan bizar ta gama aiki, ko da saura kwana ashirin a jikinta. Za ki zo filin jirgi a Landan da tikitin Jamus a hannu, ma'aikaciyar kamfani ta buɗe fasfo, ta girgiza kai, ta mayar miki da shi. Ba mugunta ta yi ba: kamfanin da ya ɗauki fasinjan da ba shi da izinin shiga yana fuskantar tara, kuma shi zai mayar da shi. Jirginki na gida kuwa daga Jamus zai tashi.

Mafita biyu ce. Ko dai ki nemi bizar shiga sau biyu, ki nuna dalili da tikitin Landan, ki sani cewa jami'i yana da ikon ba ki sau ɗaya duk da haka. Ko kuma ki sake jera ƙasashen: Faransa, Italiya, Jamus, sannan Ingila a ƙarshe, ki tashi gida daga can. Ni ta biyun nake ba ki shawara, musamman idan wannan ce bizarki ta farko. Da wannan jeri, kowace iri aka ba ki ta ishe ki.

Batun takardun otal na bogi kuwa, don Allah ki yi nesa da shi. Ke ce za ki sa hannu a fom ɗin, ba ejan ba, kuma ke ce doka za ta kama da yaudara. Ofisoshin jakadanci sukan tuntuɓi otal su tabbatar. A dokar shige da ficen Ingila, wanda aka samu da yaudara a takardar neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10. Akwai otal-otal da ake kama ɗaki na gaske, a soke ba tare da asara ba idan tafiya ta fasa. Su za ki nema. Ƙawarki ta Ingila kuma ta rubuto wasiƙar gayyata da adireshinta da shaidar izinin zamanta.

Sauran sharuɗɗan Shengen a fili suke. Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu babu komai, kuma zai ci gaba da aiki aƙalla wata uku bayan ranar fitarki; in ya rage masa ƙasa da wata shida, ki sabunta shi kawai, don ƙasashe da dama shida suke nema. Dole ki sayi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 mai aiki a duk yankin. Ana karɓar takardar nema tun wata shida kafin tafiya, hukunci yakan fito cikin kwana 15, amma yana iya kaiwa 45. Ta Ingila ana fara nemanta wata uku kafin tafiya, takan ɗauki kamar mako uku. Fasfo ɗaya gare ki, kowane ofishi kuma yana iya riƙe shi, saboda haka ki fara da Italiya da wuri. In aka hana ki bizar Shengen, za a ba ki dalili a rubuce, kuma kina da haƙƙin ɗaukaka ƙara a ƙasar da ta hana.

Ko da biza a hannu, jami'in bakin iyaka shi ne mai magana ta ƙarshe. Yana iya tambayar inda za ki kwana, da kuɗin da za ki kashe, da tikitin komawa. Ki buga waɗannan a takarda, ki sa a jakar hannu, kada ki dogara da waya. Tun 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar zanen yatsa da hoton fuska a na'ura, don haka kwana ɗaya da aka ƙara bisa wa'adi yana nan a rubuce, kuma yana iya jawo tara ko haramcin shiga. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta aiki, komai ƙanƙantarsa.

A Istanbul, in tikitinki ɗaya ne har gida kuma ba za ki fita daga sashen masu wucewa ba, yawanci ba a neman biza. In kika sayi tikiti biyu daban don sauƙi, kina iya zama dole ki karɓi kaya ki sake miƙa su, wannan kuwa shiga Turkiyya ne a idon doka.

Maganinki ki duba abin da ke cikinsa. In akwai tiramadol ko kodin, ƙasashe da yawa suna sa musu ido sosai. Ki bar shi a kwalinsa na asali, ki tafi da wasiƙar likita mai sunanki da sunan maganin da adadinsa, iya na kwanakin tafiya. Tsabar kuɗi in ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan lokacin shiga ko fita daga Tarayyar Turai, a Ingila kuma Fam 10,000. Kada ki karɓi saƙon kowa a rufe. Abin da aka samu a jakarki naki ne har sai kin gamsar da kotu, kuma "ban san abin da ke ciki ba" kariya ce mai wuyar tsayawa.

Tunda ke kaɗai ce, ki riƙe wannan: sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ya ba wa baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Ba za su fitar da ke ba, amma suna iya ziyartarki, su taimaka a samo lauya. Ki nemi tafinta, kuma kada ki sa hannu a takardar da ba ki fahimta ba. Ki bar wa wani amintacce kwafin fasfo da biza da tsarin tafiyarki, don in fasfo ya ɓata, rahoton 'yan sanda da wannan kwafi ne za su sauƙaƙa samun takardar komawa gida.

In kaya suka lalace a jirgi, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba ki kwana 7 ki kai koke a rubuce, in jinkiri suka yi kuma kwana 21 daga ranar da suka iso hannunki. Ki cika fom ɗin rahoto tun kafin ki bar zauren ɗaukar kaya, ki adana ɗan tambarin da aka manna miki a bayan takardar shiga jirgi.